Hoton Baƙo a Bainar Jama'a: Inda Dokoki Suka Rarrabu Tsakanin Ɗauka da Yaɗawa

Akwai wata fahimta da ta zauna a zukatan mutane da yawa, cewa duk wanda ya fito titi ya riga ya sallama fuskarsa ga kowa, saboda haka babu laifi a ɗauke shi hoto, babu kuma laifi a ɗora hoton a intanet. Rabin wannan magana gaskiya ne a ƙasashe masu yawa, rabin kuwa ya jawo wa mutane tara da diyya, wasu ma har da ɗauri. Abin da ke haddasa ruɗanin shi ne mai waya yana ganin aiki ɗaya ya yi, tun da tsakanin danna maɓalli da aika hoton ba a cika daƙiƙa goma ba, alhali shari'a tana ganin ayyuka daban-daban: ɗaukar hoton, nuna shi ga jama'a, da kuma cin riba da shi. Kowane ɗaya yana da hukuncinsa, kuma halaccin na farko ba ya halatta na biyu.

Rigimar ta girmi intanet da fiye da shekara ɗari. A 1888 George Eastman ya fito da kyamarar Kodak, wadda mutum zai riƙe a hannu ya ɗauki wanda bai sani ba cikin ƙiftawar ido, alhali a da sai mutum ya zauna shiru gaban mai hoto, zaman da shi kansa izini ne. Shekara biyu bayan haka lauyoyi biyu na birnin Boston, Samuel Warren da Louis Brandeis, suka rubuta maƙalar da ta zama tushen batun haƙƙin sirri a Amurka, inda suka ambaci hotunan nan-take cikin abubuwan da ke kutsawa rayuwar mutane. Kotuna ba su bi su nan da nan ba. Wata budurwa ta kai ƙara a jihar Niyok saboda an buga hotonta a kan takardun tallar garin fulawa har kwafi 25,000 ba tare da saninta ba, a 1902 kuwa babbar kotun jihar ta ce ba ta ga dokar da aka karya ba. Hukuncin ya fusata jama'a, sai majalisar jihar ta kafa doka a 1903 wadda ta haramta amfani da suna ko hoton mutum wajen talla ko ciniki sai da rubutaccen izininsa.

A Jamus gawa ce ta tayar da maganar. Lokacin da Otto von Bismarck ya rasu a 1898, wasu masu hoto biyu suka saci jiki suka shiga ɗakin da gawarsa take suka ɗauke ta, da niyyar sayar da hoton. An ƙwace hotunan, an kuma ɗaure su, amma alƙalai sai da suka rataya hukuncin a kan kutse cikin gida, domin babu dokar da ta ce siffar mutum tasa ce. A 1907 aka cike wannan giɓi da dokar da har yau sashenta na 22 yake aiki, wanda ya ce ba a yaɗa hoton mutum ko a baje shi ga jama'a sai da yardarsa, idan kuma ya rasu sai da yardar danginsa har tsawon shekara goma. Daga nan hanya ta rabu biyu. Amurka ta ɗauki wallafawa a matsayin halas ta keɓe talla, Jamus kuwa ta ɗauki wallafawa a matsayin abin da ke buƙatar izini ta keɓe wasu wurare da aka yafe.

Ma'aunin Amurka shi ne ko mutum yana wurin da mai hankali zai sa ran ba a ganinsa. A banɗaki, ɗakin canza kaya ko ɗakin likita akwai wannan tsammani, a kan titi ko dandali babu shi. Gyara na farko na kundin tsarin mulkin ƙasar, wanda ya kare 'yancin faɗin albarkacin baki, ya sa kotuna suna jan hannu sosai wajen hana wallafa hoto. Shari'ar mai hoto Philip-Lorca diCorcia ta nuna iyakar abin. Ya ɗaura fitila a jikin ƙarafan gini a dandalin Times Square, ya ja da baya da kyamara mai hangen nesa, yana ɗaukar fuskokin masu wucewa, ya kuma sayar da hotunan da tsada a matsayin aikin fasaha. Wani dattijo Bayahude mai riƙo da addini ya gano hotonsa a ciki, ya kai ƙara a 2005 yana cewa an yi ciniki da fuskarsa, kuma addininsa bai yarda da hakan ba. Kotu ta kori ƙarar a 2006 bisa hujjar cewa sayar da aikin fasaha bai mayar da shi talla ba, kotun ƙarshe ta jihar kuma ta tabbatar da korar a 2007 saboda wa'adin shigar da ƙara ya wuce. A 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara a Niyok ta wanke Arne Svenson, wanda ya ɗauki maƙwabtansa da 'ya'yansu ta tagogin gidajensu ya baje kolin hotunan, duk da cewa alƙalan sun nuna abin ya dame su har suka nemi majalisa ta sake duba dokar. A ganina wannan hukunci na biyu ya yi nisa, domin ya mayar da rashin labule tamkar izini.

Bambancin talla da fasaha ko labari yana da sauƙin ganewa a zamanin allon talla da jarida. Yau ya dagule, domin mai shafin da ke tare baƙi a titi yana ɗaukar su bidiyo don a yi dariya yana samun kuɗi daga tallace-tallacen da ke bin bidiyon, amma ba ya amfani da fuskarsu wajen yabon wata haja. A fassarar da kotunan Amurka suka saba yi, samun riba kaɗai ba ya mayar da wallafa ta zama talla, tun da jarida ma don riba ake buga ta, kuma ta wannan kafa yawancin irin waɗannan shafuka suke kuɓuta.

Dokar Jamus ta yafe neman izini a wurare huɗu: hoton da ya shafi tarihin zamani, hoton da mutum ya shigo cikinsa a matsayin ƙarin wuri kawai, hoton taro ko jerin gwano da mutum ya halarta, da hoton da ke hidimta wa wata babbar manufa ta fasaha. Ko a waɗannan, idan yaɗawar ta taɓa wata halastacciyar maslaha ta wanda aka ɗauka, yafewar ta faɗi, wanda ya saɓa kuma yana iya fuskantar tara ko ɗaurin da ya kai shekara ɗaya. Faransa ta kafa nata tsarin a kan sashe na 9 na kundin dokokin farar hula, wanda aka shigar a 1970, inda kotuna suka ciro haƙƙin mutum a kan siffarsa, kuma ɗaukar mutum a keɓantaccen wuri ba da yardarsa ba laifi ne mai ɗaurin shekara ɗaya da tarar yuro 45,000. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa abin ya fi tsanani, domin dokar laifukan intanet ta 2021 ta tanadi ɗauri ko tara mai nauyi ga wanda ya ɗauki wasu ko ya yaɗa hotonsu ta hanyar da ta keta sirrinsu, kuma baƙo mai yawon buɗe ido ba ya tsira da cewa a ƙasarsu ba laifi ba ne. Dokar wurin da aka tsaya ce ke hukunta ɗauka. Yaɗawa kuwa tana iya jawo dokar ƙasar da wanda aka ɗauka yake zaune.

Shari'ar da ta fi kusa da halin talaka ta faru ne a Kanada. Wani mai hoto ya ɗauki wata yarinya 'yar shekara 17 tana zaune a kan matattakalar wani gini a birnin Montreal, wata ƙaramar mujallar adabi ta buga hoton. Babu tsiraici a ciki, babu zagi, abin da ta ce ya same ta shi ne 'yan ajinsu sun yi mata dariya. A 1998 Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar mata da diyyar dalar Kanada 2,000 a ƙarƙashin dokar lardin Kwibek, tana cewa tun da ita ce jigon hoton, ana kuma iya gane ta, ba ta riƙe da wani matsayi da jama'a ke da haƙƙin sani a kansa, to wallafawa ba da yardarta ba kuskure ne ko da hoton yana da kyau. Kotun ta bambanta wannan da wanda ya faɗo cikin hoton cincirindon jama'a.

Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg ta ƙara wani ma'auni da ya fi tambayar wuri amfani. A 2004 ta ba Gimbiya Caroline ta Monaco gaskiya a kan Jamus, saboda mujallu sun riƙa buga hotunanta tana sayayya ko tana hawan doki, kotun ta ce waɗannan hotuna ba su ƙara komai ga wata muhawara mai amfani ga jama'a ba, sha'awar masu son jin ƙwaƙwaf kawai suka biya. A 2012 kuwa kotun ta ƙi ba ta gaskiya a kan wani hoton hutu da aka buga tare da labarin rashin lafiyar mahaifinta, wanda shi ne sarki mai ci a lokacin, domin lafiyar mai mulki magana ce ta jama'a.

Ingila ba ta da haƙƙin siffa irin na Jamus, kuma ɗaukar hoto a titi halas ne a can, amma kotunanta sun gina laifin amfani da bayanin sirri ba bisa ƙa'ida ba, wanda ke duba abin da hoton ya tona. A 1995 wani mutum a garin Brentwood, cikin tsananin ƙuncin rai, ya fito titi da dare riƙe da wuƙa ya yi yunƙurin kashe kansa. Kyamarar tsaro ta ƙaramar hukuma ta hango shi, aka kira 'yan sanda suka cece shi, ba a kuma tuhume shi da komai ba. Daga baya hukumar ta miƙa hotunan ga jaridu da gidajen talabijin don nuna amfanin kyamarorinta, ba a rufe fuskarsa yadda ya kamata ba, 'yan uwa da maƙwabta suka gane shi. A 2003 kotun Strasbourg ta ce an keta haƙƙinsa, kuma hujjarta ita ce ginshiƙin wannan batu gaba ɗaya: mutumin ya san masu wucewa za su iya ganinsa, amma abin da aka yi ya kai wannan lokaci na rayuwarsa ga idanun da suka zarce duk abin da zai iya zata. Ganin mai wucewa yana da iyaka, yana kuma gushewa da mantuwa. Hoton da aka ɗora a intanet ana kwafarsa, ana adana shi, ana iya tono shi bayan shekara ashirin lokacin da mutum ke neman aiki ko aure. Duk dokar da ta ɗauki waɗannan biyu a matsayin abu ɗaya ta bar ainihin cutarwar a waje.

Haka aka yi a shari'ar Naomi Campbell, fitacciyar mai tallan kayan ƙawa, da jaridar Daily Mirror a 2004. An ɗauke ta ne a kan titi, amma tana fitowa daga taron masu jinyar shaye-shaye, sai babbar kotun Birtaniya ta wancan lokaci ta ce jaridar tana da damar faɗin cewa ta yi ƙarya game da shan ƙwaya, amma hoton da bayanin jinyar sun wuce gona da iri. A 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta yarda cewa jaririn da aka ɗauka a titin Edinburgh saboda shaharar mahaifiyarsa yana da hujjar neman kariya. Yara suna samun ƙarin kulawa kusan ko'ina, har Faransa ta kafa doka a 2024 da ta ɗora wa iyaye kansu nauyin kare siffar 'ya'yansu.

A ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ake kira GDPR, wadda ta fara aiki a 25 ga Mayu 2018 ta maye gurbin ta 1995, hoton da ake iya gane mutum a cikinsa yana cikin sahun bayanan da sai da hujja ake sarrafa su. Ƙasashe da dama sun bi wannan salo, ciki har da Najeriya da dokarta ta 2023. Dokar Turai ta yafe wa mai amfani na kashin kansa ko na cikin gida, amma Kotun Tarayyar ta ƙuntata wannan yafewa. A ƙarƙashin tsohuwar dokar, a 2014 ta ce kyamarar gida da ke hango titi ta fita daga cikinta, a 2019 kuma, a shari'ar wani ɗan ƙasar Latbiya da ya ɗauki 'yan sanda bidiyo a ofishinsu ya ɗora a YouTube, ta ce sakin bidiyo ga jama'ar da ba su da adadi ba harkar gida ba ce. Sai dai ta buɗe masa wata ƙofa, cewa ba sai mutum yana da katin ɗan jarida ba kafin aikinsa ya shiga kariyar aikin jarida, muddin manufarsa isar da bayani ko ra'ayi ga jama'a ce. Ma'anar wannan a aikace ita ce hoton da aka tura wa dangi biyar da wanda aka sake a buɗaɗɗen shafi ba su da hukunci ɗaya, ko da hoto ɗaya ne.

Wanda ya karanta waɗannan zai iya cewa a wajabta neman izini a kowane hali a huta. Ban goyi bayan haka ba, saboda masu iko ne za su fara cin moriyarsa. Lokacin da George Floyd ya mutu a hannun 'yan sandan Minneapolis a Amurka a ranar 25 ga Mayu 2020, sanarwarsu ta farko ta bayyana mutuwar a matsayin matsalar rashin lafiya. Bidiyon da Darnella Frazier, 'yar shekara 17, ta ɗauka a bakin titi ba da izinin kowa ba shi ne ya rushe wannan labari, gani ya kori ji, aka kuma samu ɗan sandan da laifin kisa a 2021. Kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya da dama a Amurka, ciki har da ta Boston a 2011, sun tabbatar da haƙƙin ɗaukar jami'ai suna bakin aiki. A Faransa, tanadin da aka shirya don hukunta masu tona ko wane ne ɗan sanda ya jawo zanga-zanga, kuma Majalisar Tsarin Mulki ta soke shi a watan Mayu 2021. Tambayar da ta fi dacewa ita ce wane ne aka ɗauka, yana yin me, kuma me jama'a za su ƙaru da shi. Jami'in da ke amfani da ikon hukuma a titi da matar da ta yanke jiki ta faɗi a titin nan ba su da matsayi ɗaya a gaban kyamara.

Sau da yawa ma rubutun da ke ƙarƙashin hoton ne ke kai mutum kotu. Hoton mutum riƙe da jaka halas ne, amma idan aka rubuta cewa ɓarawo ne alhali ba a tabbatar ba, an shiga ɓata suna, kuma a tsarin shari'a da yawa wanda ya sake yaɗawa ana ɗaukarsa tamkar ya wallafa da kansa, cewa "ni ma gani na yi na tura" ba kariya ba ce. Guntun bidiyo ma yana iya yin ƙarya ba tare da an sauya komai a cikinsa ba. A Janairu 2019 wani ɗan gajeren faifai na wani ɗalibi tsaye gaban wani dattijo ɗan ƙabilun asali na Amurka a birnin Washington ya zagaye duniya, aka yi wa yaron ca, daga baya dogon bidiyo ya nuna lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. CNN da Washington Post sun sasanta da shi a 2020, wasu ƙararrakin nasa kuma aka kore su.

Inda dokoki suka fi haɗuwa shi ne leƙen tsiraici, ko da yake nan ma sun makara. A Maris 2014 babbar kotun jihar Massachusetts ta ce ɗaukar hoto ta ƙarƙashin tufafin mata a cikin jirgin ƙasa bai saɓa wa dokar da ke akwai ba, saboda matan suna sanye da kaya, majalisa kuwa ta gyara dokar cikin kwana biyu. Ingila da Wales sun mayar da shi laifi a 2019, da ɗaurin da ya kai shekara biyu. Jamus ta yi haka a 2021, ta kuma haɗa da ɗaukar gawar waɗanda suka yi haɗari ta hanyar da ta keta mutunci.

Akwai wani juyi da ke ba mutane mamaki, wato haƙƙin mallakar hoto na wanda ya ɗauka ne, wanda ke ciki ba shi da rabo. Shi ya sa aka sha kai fitattun mutane ƙara don sun ɗora hotunan kansu da masu farautar hoto suka ɗauka. A Amurka dokar haƙƙin mallaka ta 1998 ta ba mai hoto hanya mai sauri ta sa dandali ya sauke aikinsa, sashe na 230 na dokar sadarwa ta 1996 kuma ya kare dandalin daga yawancin ƙararraki kan abin da masu amfani suka ɗora, saboda haka wanda aka tozarta sau da yawa ba shi da abin riƙewa sai ƙa'idojin kamfanin. Sai a 2025 aka kafa dokar tarayya da ta wajabta sauke hotunan tsiraici da aka yaɗa ba da izini ba cikin awa 48. Ko inda doka ke bayan mutum, shari'a tana zuwa ne kamar ihu bayan hari, tana da tsada, tana kuma ƙara tallata abin da ake son ɓoyewa. Campbell ta samu diyyar fam 3,500, kuɗin shari'ar kuwa ya haura fam miliyan ɗaya, lissafin da ba kowa ne zai iya shiga ba.

Duk yafewar da aka yi wa hoton taro da na mai wucewa ta dogara ne a kan zaton cewa fuskar baƙo ba ta ɗauke da sunansa. Fasahar gane fuska ta raunana wannan zato. A Janairu 2020 aka fallasa cewa kamfanin Clearview AI ya kwashi hotuna kimanin biliyan uku daga buɗaɗɗun shafuka ya gina rumbun da ake saka fuska a samo inda ta bayyana. Hukumomin kare bayanai na Italiya, Girka da Faransa sun ci shi tarar yuro miliyan 20 kowace a 2022, ta Holan kuma yuro miliyan 30.5 a 2024, yayin da kamfanin ke cewa ba ya ƙarƙashin dokar Turai tun da ba ya kasuwanci a can. A Amurka dokar jihar Illinois ta 2008, wadda ta wajabta izini kafin a auna siffofin fuska, ita ce ta sa Facebook ya biya dala miliyan 650 a sasantawar da kotu ta amince da ita a 2021. A ƙarƙashin wannan doka ce kuma Clearview ya amince a 2022 ya daina sayar da rumbunsa ga yawancin kamfanoni masu zaman kansu a faɗin ƙasar, amma sasantawar ta bar masa damar ci gaba da hulɗa da hukumomin tarayya da kuma 'yan sandan sauran jihohi.